Hakin da Ya Ƙi Jin Magani

Ni mutum ne mai zargi, ba na ɓoyewa. Ko gishiri matata ta ce ya ƙare, sai na leƙa gwangwanin. Shi ya sa shekarar da haki ya ƙi mutuwa a gonata ta alkama, can fadamarmu ta wajen Buza, ban tsaya neman dalili ba, mai laifi na shiga nema.

Hakin nan munafuki ne. Yana ƙarami ba ka raba shi da alkama, sai ya fid da kai ka ga har ya fi ta tsawo. Shekara da shekaru magani iri ɗaya nake saye a Madawa, ƙanena ya goya famfo ya fesa mini, don ƙirjina ba ya ɗaukar warin. Kwana goma haki ya bushe. A wannan shekarar kuwa, ɗan rawaya kawai ya yi, ya miƙe abinsa.

Da mai kanti na fara. Na koma Madawa na jijjiga kwalbar a gabansa, na ce ruwa ya tsarma. Ya rantse har ya gaji. Ban yarda ba, amma na sayi wata.

A hanyar dawowa ne tunanin ya faɗo mini. Gonar ƙanena tana jikin tawa, rijiya ɗaya muke ban ruwa da ita, amma tasa fes, ba haki ko na rantsuwa. To ina maganina yake zuwa?

Ranar feshi na biyu na zauna bakin gona kamar ina ɗaure tiyo, alhali murfin maganin da ƙanena yake zubawa a famfo nake ƙirgawa. Daidai ya zuba. Haki kuma bai mutu ba. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa cewa na yi ai tun a gida ya juye na kirkin, ya cika mini kwalba da ruwa.

A gaban maƙwabtan gona na tare shi. "Kai dai hwaɗa mini gaskiya, ina kaka kai maganina?"

Ya dube ni. "Yaya, ni kaka tuhuma? Shekara ukku ban sa magani ga gonata ba. Bara albasa nis shibka, kai da kanka kay yi mini dariya. Hakin da ya hito, da hannu muka hidda shi ni da iyalina, tun da sahe, kana gida."

Ya ajiye famfon a gabana ya tafi.

Duk da haka ban saduda ba. Na goya famfon da kaina, na ninka awo. Mako guda ina tari, bakin ganyen alkama ya ƙone, haki ko gezau. Sai da malamin gona ya zo zagaye ya ce ba wanda ya cuce ni. Kowace shekara ɗan hakin da ya tsira daga maganin shi ke zubar da iri, har gonar ta koma ta jikokinsa. Ya ce in cire da hannu kafin ya yi ƴaƴa, baɗi kuma in canza shuka. Kunya ta rufe ni, har yau in na tuna sai na ji ta.

Ban kai ga zuwa ba ƙanena haƙuri ba, sai ga shi ya zo da matarsa. Kwana uku muna tuge haki a duƙe, bai ta da maganar ba. Na ɗauka ta wuce.

Ba ta wuce ba. Muna gaisawa, muna cin tuwo kwano ɗaya. Amma tun daga ranar, ko buhun iri na ce ya kai mini gida, ba ya ɗagawa sai ya kwance bakinsa a gabana. "Duba, Yaya, tun ina nan."