Kwatar Ƙofar Gidan Goggo

Goggo, ƙanwar mahaifina, ɗinki take yi. Duk abin da ta mallaka a duniya shi ne gidan da mijinta ya rasu ya bar mata, ɗaki biyu da rumfar keken ɗinki, a gangaren layinsu. Tun ina yarinya na san ta da shebur. Kullum da safe, kafin ta taɓa zare, sai ta yashe kwatar da ta bi ta ƙofar gidanta. Ko ƙyallen ɗinki ba ta taɓa jefawa ciki ba.

Sauran mutanen layin kuwa, da hadari ya haɗo sai ka ga kowa ya fito da kwandon shara ya juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Duba-gari suke kiran ta, don tsiya.

Wata rana matar mai shago ta ce mata, "Haba Goggo, ke kaɗai za ki gyara ƙasar nan?"

Ta ce, "Ni dai ƙofata za a tambaye ni gobe kiyama, ba taku ba."

Ƙasar kuwa ta riga ta lalace tun daga sama. An ba da kwangilar babbar magudana, aka yi ciki da kuɗin. An yanka hanyar ruwa an sayar, wani ya dasa shaguna a kai, aka sa masa hannu. Kowa ya sani, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ranar da aka yi wani mamakon ruwa da la'asar, kwatar ta toshe gaba da baya. Wuri ɗaya ne mai zurfi a buɗe, ƙofar Goggo. Nan ruwan layin duka ya taru, ya ci gindin katanga, ɗakunan suka zauna. Da ƙyar aka jawo ta. Gidajen masu juye shara ko tsagewa ba su yi ba.

Washegari mai wa'azin unguwa ya zo jaje. Ya ce, "Haƙuri za ki yi, baiwar Allah. Zunubin ƙasa ne ya yi yawa, kuma in hukunci ya sauko, har na kirki yake haɗawa."

Ban musa ba, Allah ba ya zalunci. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda duk suka gyaɗa kai suna "haka ne, haka ne", har da mai shagunan kan hanyar ruwa, sai ka ce zunubin nan daga wata ƙasa aka yo odarsa. Goggo kuwa tana ta goge laka daga kan kekenta.

Yanzu tana wurina, a ɗakin yara. Kullum sai ta ce in Allah ya hore mata za ta koma ta tayar da ko ɗaki ɗaya ne. Makon jiya na bi ta layin. Filin nata ya zama bolar unguwa, shara har ta fi tsayina. Na kasa gaya mata.