Yadda Na Ɗaure Wutar Mota Na Kawo Baba Gida

Daga Sakkwato zuwa Zariya

Ana kiran assalatu na turo motata daga ƙofar gidanmu a Tudun Wada, ban tashe ta ba sai da na kai bakin titi, wai don kada ƙarar injin ta tashi Inna. Wahalar banza na yi. Ina waiwayawa na gan ta a bakin zaure da katifar auduga a naɗe.

"Ka aza ma babanku wagga," ta ce. "Ka tahi lahiya." Ta koma ciki.

Sunana Malami, bakanike ne ni, motar kuwa tsohuwar a-kori-kura ce da na saya a hannun wani ɗan kwangila. Mahaifinmu baduku ne, ya yi watanni yana kwance a babban asibitin Zariya, garin da yayata Kulu take aure. Ana gobe zan tashi wani direba ya kawo mana saƙonta da baki: likitoci sun ce sun yi iyakar yinsu, Baba kuma ya ce a mai da shi gida, a ɗakinsa yake so ya cika. Aikin da ke gabana ke nan, in kawo shi Sakkwato da ransa.

Shekarun nan ne da rediyo ke ta gaya mana ƙasa ta yi arzikin mai. Arzikin dai muna jin sa a kunne, amma gidan mai sai ka kwana a layi. Da roƙo da sanayya na cika tanki, na kuma sami jarka ɗaya, na san za su kai ni, amma ba za su dawo da ni ba. Na ce in na je can na ga abin da Allah zai yi.

Na wuce Shuni da Dange gari bai gama wayewa ba. Da hantsi na tsaya Talata Mafara na sha koko da ƙosai na kwabo biyar a tsaye. Azahar a Gusau, la'asar a Funtuwa. Titin siriri ne, manyan motoci ɗauke da siminti sun mai da shi nasu, in ka ga ɗaya ta taho sai ka sauka gefe ka ba ta girmanta. Na shiga Zariya rana tana shirin faɗuwa.

Zariya

Na tarar da Baba kwance a gadon asibiti. Mutumin da ke jan fatar bijimi da hannu ɗaya ya koma ƙashi da ido. Bakinsa dai yana nan yadda na san shi.

"Malami, da wanga akwala naka za ka kai ni?"

"Da shi na, Baba."

"To, Allah shi kiyaye mu da kai da shi."

Wani likita matashi ya ja ni gefe ya ce, "Kada ku ɓata lokaci a hanya." Na gane abin da yake nufi, ban tambaye shi ƙarin bayani ba.

Na kwana gidan Yaya Kulu a Samaru. Mijinta ya taya ni muka kafa ƙarafa a bayan motar muka ja tamfol saboda rana, don bazara ce, muka shimfiɗa katifar Inna. Muka shirya cewa Yaya za ta zauna baya tare da Baba, in akwai wani abu ta buga rufin motar da hannu. Mai kuwa, duk gidan man da na leƙa a Zariya layi ya kai inda ido ba ya gani.

Funtuwa

Mun tashi bayan sallar asuba. Kafin mu kai Funtuwa allurar mai ta kwanta. A bakin tasha na sami wani mai sayarwa a gwangwanaye, farashinsa ya ninka na gidan mai har da ɗoriya. Na ce ya ɗiga mini a tafin hannu. Fetur na gaskiya sanyi yake yi ya bushe nan take. Wannan ya zauna a hannuna yana maiƙo.

"Malam, kananzir nawa ka zuba a ciki?"

"Haba maigida! Wallahi daga tanka aka sauke shi jiya."

"Na ji. Tankar fitila."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na zaga tashar kaf, duk kanwar ja ce. Gidan mai kuma an ce ana sa ran mota jibi. Na leƙa bayan motata, Yaya tana yi wa Baba fifita da murfin kwano. Na dawo na ce wa mutumin ya cika tanki da jarka. Ina sane na sayi wannan mai, kuma da yau za a sake, haka zan sake yi.

Gindin dutsen Kwatarkwashi

Har muka wuce Tsafe ba abin da ya faru, don akwai ragowar mai mai kyau a tanki. Muna fara hawa wajen Kwatarkwashi na ji abin da nake tsoro: ƙas-ƙas-ƙas daga cikin injin, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In na ɗaga ƙafa ta yi shiru, in na taka totur ta dawo. Na gangara gindin wata tsamiya na kashe mota.

Bari in yi wa wanda ba bakanike ba bayani. A jikin injin akwai wata 'yar tukunya da ke raba wuta ga fulogogi, muna ce mata distiributa. A cikinta akwai ƙarafa biyu masu sifirin. In injin ya ɗau gudu sai su buɗe, su sa wuta ta riƙa zuwa da wuri, daga nan mota ke samun ƙarfinta. Da fetur mai kyau wannan dabara ce mai daɗi. Da mai gauraye da kananzir kuwa, wutar da ta zo da wuri dukan fistin take yi tun bai gama hawowa ba. Ka yi ta tafiya a haka, fistin ya huje, ka kwana a daji.

Yaya ta sauko. "Mi ya hwaru?"

"Man ga na. Zan ɗaure wutar, in hana ta gaba. Mota ba ta ƙara gudu, amma tana kai mu."

"Ba ta ƙara gudu? Malami, kai ba ka ji abin da likita yac ce ba?"

"Na jiya, Yaya. In nit taka ta hakanga, ko Gusau ba mu gani."

Ta ce to mu tare wata mota. Na ce ta duba titi. Motocin haya cike suke maƙil, mutum kan mutum, Baba kuwa ko zama ba ya iyawa. Muna cikin haka muka ji muryarsa daga ƙarƙashin tamfol.

"Kulu, ki bar shi shi yi aikinai. Ba ni hawa motar kowa."

Na buɗe bonet, na cire murfin tukunyar, na kwance farantin da ke sama. Kusoshin ƙanana ne ƙwarai, in ɗaya ya faɗi cikin yashi an gama. Ina neman inda zan ajiye su sai Baba ya miƙo hularsa ta gefen tamfol. Na zuba su a ciki, ya ɗora hular a ƙirjinsa ya riƙe da hannu biyu. Wannan mutum bai taɓa taka garejina ba. Shekara da shekaru yana cewa na bar sana'ar gidanmu na koma wanka da baƙin mai. Na juya na sa kaina cikin injin, don ban so Yaya ta ga idona.

Na feɗe wata tsohuwar waya na zaro jan ƙarfen cikinta, na ɗaure ƙarafan nan biyu tamau, na murɗe da filaya. Akwai kuma ɗan tiyo da ke jan wutar gaba ta hanyar iska, na cire shi na toshe bakinsa da ƙusa. Na karɓo kusoshina na mayar, sannan na sassauta tukunyar na juya ta baya kaɗan. Na tada mota, na hau da ita tudun na dawo, na ƙara juyawa, har ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya. Ƙarfin motar ma ya tafi tare da ita.

Gusau

Tafiyar da ba ta kai mil ashirin ba ta zama aiki. Ko ɗan tudu muka tarar sai na koma giya ta biyu, masu keke suna kallonmu suna murmushi. Injin kuma ya riƙa zafi, sai na tsaya na jira ya huce na ƙara ruwa a lagireto. Mun shiga Gusau bayan la'asar, Baba ya galabaita, na ga tilas mu kwana.

Muka sauka gidan Garba, abokina da muka koyi aiki a gareji ɗaya. Matarsa ta dama wa Baba kunun tsamiya, ya sha cokali kaɗan, mu kuma aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka. Garba ya leƙa injin ya ga ɗaurin da na yi, ya kama baki.

"Ka tsaya hal jibi, ana cewa tanka na tahe. Mu juye wanga mai, ka kwance waya, ka tahi awa iska."

"Garba, jibin ga ba tawa ta ba."

Da safe na tarar Garba ya cika mini garwa biyu da ruwa ya ɗaure a baya.

Daga Gusau zuwa Tureta

Muka kama hanya da sanyin asuba, don injin da Baba duk sun fi son sanyi. Bayan Bunguɗu muka tarar da shingen sojoji. Wani dogo ya zo da bindiga a kafaɗa, ya daka mini tsawa da 'yar Hausarsa ta bariki, wai me na ɓoye a baya. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Ya ɗaga tamfol da kansa. Ya daɗe yana kallon Baba, sannan ya sauke tamfol ɗin a hankali, ya je ya janye gangar da suka tare hanya da ita da hannunsa.

"Tafi, tafi. Sannu Baba."

Maru, Talata Mafara, rana ta take. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba. Kowace babbar mota ta wuce mu sai na ji kamar in yi ihu. Kunnena ɗaya yana kan injin, ɗaya yana kan rufi.

Mun kusa Tureta aka buga rufin, da ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa. Ban san yadda na tsaya ba. Na zaga baya na tarar Yaya tana girgiza shi tana kiran sunan Allah, shi kuwa ido a rufe, baki a buɗe. Na sa kunnena a ƙirjinsa. Akwai numfashi, amma can ƙasa. Muka shafa masa ruwa a fuska, da ƙyar ya motsa leɓe.

Yaya ta kama rigata. "Kwance wayar ga, Malami! Don Allah kwance ta mu yi gudu!"

Na ɗauki filaya na buɗe bonet. Gaskiya na yi niyya. Aikin ɗan lokaci ne, in na kwance motar za ta tashi, wataƙila ta kai mu cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Wataƙila kuma ta huje fistin a dajin da ke tsakanin Tureta da Dange, inda ko inuwar kirki babu. Na tsaya da filaya a hannu, zafin injin yana dukan fuskata. Sai na ƙara ruwa a lagireto, na rufe bonet.

"Yaya, hau. Sannu za mu tahi, kuma muna isa."

Ta zage ni, zagin da ba ta yi mini ba tun muna yara. Na shiga na tada mota. Daga nan har Shuni ban san abin da na gani a hanya ba, salati kawai nake yi ina jiran a sake buga rufi. Ba a buga ba.

Gida

Ana kiran la'asar muka shigo Sakkwato. Na tsaya a ƙofar gida. Maƙwabta suka taso, muka kama katifar ta kusurwa huɗu za mu shiga da shi. Sai ya buɗe ido ya dubi zauren.

"Ku aje ni. Ba a shiga da ni gidana awa kaya."

Muka tsayar da shi, ni a dama, Yaya a hagu, nauyinsa duk a kafaɗunmu, amma ƙafafunsa suna taɓa ƙasa. Muka ratsa zaure a hankali. A bakin tsakar gida ya tsaya, ya tattara abin da ya rage masa na murya, ya yi sallama kamar wanda ya dawo daga kasuwa.

Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya. Ba ta taso da gudu ba, ba ta yi kuka ba, ga 'ya'ya ga maƙwabta. Ta amsa sallamar, ta ce, "Sannu da hanya, Malam. An sha rana." Ta ɗebo ruwa a randa ta kawo masa, rabinsa ya zube a ƙasa kafin ta iso.

Bai cika mako biyu ba Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinsa, a kan gadonsa, Inna tana zaune a gefe. Allah ya jiƙansa. Ina gode wa Garba da iyalinsa, da mijin Yaya, da sojan nan da ban san sunansa ba. Godiya mafi girma ga Allah da ya ara mana kwanakin nan.