Tomeji da Kwaɗin Bayan Taga

Ushiyama Tomeji ba ya tafiya sai yana ƙirga takunsa. Daga ƙofar gida zuwa bakin rafi, daga rafi zuwa shagon Komiyama, leɓɓansa na motsi a hankali kamar mai cin abin da ba ya so a roƙe shi. In ka gaishe shi a hanya sai ya ɗaga maka hannu, ya ƙarasa inda lissafinsa ya cika, sannan ya juyo ya rusuna. Baƙi kan ɗauka girman kai ne. Mutanen ƙauyensu na Hinokizawa kuwa sun san mafarin abin, shi ya sa ba mai tanka masa.

Manomin shinkafa ne, kamar ubansa. Fangalinsa uku ne, cike da ruwa duk damina, kuma suna bayan tsohon ɗakin katako da ake kiwon tsutsar alharini a da. Da sana'ar ta mutu, ɗakin ya zauna kango shekaru, sai jemagu. Wata rana wata mata daga Tokyo ta biyo ta ƙauyen, ta shiga, ta tafa hannu sau ɗaya, ta tsaya tana sauraron yadda katako ya mayar mata da sautin. Sunanta Asahina Fumie, makaɗiyar babban goge, irin wanda ake kafawa a ƙasa a riƙe tsakanin gwiwoyi. Kowa Sensei yake ce mata, wato malama. Daga shekarar, duk watan Yuli takan zo da abokan kiɗanta uku, su yi yammaci huɗu suna kiɗa, mutane su hauro dutse cikin motoci don su saurara.

Yammacin farko abin bai yi daɗi ba. Zafi ya sa aka buɗe tagogi, rana na faɗuwa kwaɗin fangali suka ɗauka gaba ɗaya. Inda kiɗan ke da ƙarfi ana ɗan ji, amma da aka zo sashen da ake ja a hankali, wanda sauti ke sirancewa kamar zare, sai kwaɗi suka haɗiye shi. Wasu baƙi suka rufe baki da mafici suna dariya. Ana cikin haka Tomeji, wanda bai ma san me ake yi ba, ya biyo ta kan siririn tudun da ya raba fangali da fangali don ya duba ruwansa. Kwaɗi suka yi tsit. Sensei ta gan shi ta taga.

Washegari ta zo gidansa da kwalin alewar wake, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta faɗi buƙatarta: ya riƙa zagaya fangali lokacin kiɗa don kwaɗi su yi shiru. Tomeji mutum ne da bai iya cewa a'a ba, balle ga wadda goshinta ya kusa taɓa tabarma. Ya ce to. Wannan to ɗin ita ta kai shi shekara talatin da huɗu.

Aikin yana da ƙa'idarsa, kuma shi ya gano ta da kansa. In ka yi sauri, kwaɗin da ka bari a baya su sake ɗauka. In ka tsaya wuri ɗaya, su saba da kai, su mai da kai kututture. Fitila ba ta da amfani. Sai dai tafiya a hankali, da doguwar gora a hannu kana ɗan shafar bayan ruwa da ita, daga gindin taga zuwa ƙarshen fangali na uku, ka juyo. Taku ɗari uku ne zuwa da dawowa.

Kowace shekara da kiɗa ɗaya Sensei ke rufe taron, na wani Bature da ya mutu tun zamanin kakanni. Sashensa na sanyi, tsawonsa daidai da zagaye ɗaya na Tomeji. Taku casa'in na farko yana kusa da taga, yana ji. Daga nan ya yi nisa, ba ya jin komai sai numfashinsa da tsotsar laka a takalminsa, har sai ya juyo ya kai taku ɗari biyu, sannan kiɗan ya sake tarbarsa. Taku ɗari da goma na tsakiya bai taɓa jin su ba. Duk shekara a wuri ɗaya ramin yake.

Matarsa Kinu ita ke shiga. Takan zauna a layi na uku, jikin ginshiƙi, ta dawo gida ido jajur.

“Me aka yi miki kuma?”

“Wurin nan ne. Tsakiyar.”

“To rera mini in ji.”

Ta gyara murya ta fara. Kinu kuwa ko a bikin haikali ba a barinta ta ja waƙa. Tomeji ya ajiye kwanon shinkafarsa.

“In haka ne abin, ashe kwaɗina sun fi su iyawa.”

“Ka ji ka, kunnen laka! Wata shekara ka shiga da kanka, ni in riƙe maka gorar.”

“Ke? Ki faɗa mini cikin shuka?”

Haka suka yi ta ɗaga maganar daga damina zuwa damina. Sau ɗaya ya leƙa da rana, lokacin da makaɗan ke gwaji. Suna isa wurin suka tsaya suna gardama kan wa zai fara jan baka, suka koma baya, suka sake tsayawa, har sau huɗu. Ya ɗauki malfarsa ya koma gona. Shekarar da Kinu ta rasu, Sensei ta aiko masa da faifan kiɗan. Ya ɗora shi a gaban hoton matar, kusa da kaskon turare, bai ɓare ledarsa ba. Da aka tambaye shi ya ce abin da Kinu ta ji, a cikin ɗakin ta ji shi, jikin ginshiƙi, ba a faifai ba.

A damina ta talatin da biyar aka manna takarda a allon ƙauye cewa taron bana shi ne na ƙarshe. Sensei ta kai saba'in da tara, kuma waɗanda suka ga ta ɗauki kofin shayi sun ga yadda shayin ke rawa. Tomeji ya karanta takardar, ya wuce shagon Komiyama Genzo, abokinsa tun suna aji ɗaya. Genzo na zaune ya miƙe ƙafarsa ta dama a kan akwati, don gwiwar ta daɗe da daina lanƙwasuwa. Tomeji ya zauna, ya sha shayin sha'ir kofi biyu.

“Tome, in shayi ka zo sha kyauta, ka faɗa.”

“Kana da abin yi ranar Lahadi da yamma?”

“Ina da shi mana. Sarkin kwaɗi ya gayyace ni ɗaurin auren ’yarsa.”

“Taku ɗari uku ne kawai.”

Genzo ya dube shi, ya dubi gwiwarsa. Ƙauyen duka gida goma sha tara ne suka rage da hayaƙi, kuma a cikinsu Genzo na cikin masu ƙarfi.

“Shekara talatin da huɗu kana gadin mawaƙan fangali da ba su taɓa ce maka sannu ba, yanzu kuma kana neman mataimaki.”

“Sau ɗaya ne, Gen.”

“Na ji. Amma in na mutu a cikin lakarka, kai za ka gaya wa ’yata.”

Kwana uku suna gwadawa da la'asar. Tomeji na gefe yana gyara masa: rage sauri, kar ka doki ruwan, shafa shi za ka yi, ka lura da kwanar fangali na biyu, tudun ya zaizaye a wurin. Genzo na jan ƙafa yana zagin kwaɗi da iyayensu.

Ranar Lahadi aka wuni da hadari bai zubar ba, irin yanayin da kwaɗi suka fi so. Kiɗan farko da na biyu Tomeji ya yi musu zagayensa kamar kullum. A lokacin hutu ya miƙa wa Genzo gora, ya je gida ya wanke ƙafa, ya sa baƙar kwat ɗinsa, wadda bai sake sawa ba tun jana'izar Kinu. Ya tuɓe takalmi a bakin ɗakin kiɗan, ya jera su a gefe, can nesa da na baƙi. Sensei ta riga ta sa an ajiye masa matashi a layi na uku, jikin ginshiƙi.

Bai taɓa ganin makaɗan daga gaba ba. Ashe kafin su fara, su huɗun kan ja numfashi tare. Ashe Sensei kan rufe ido. Ya ɗora hannuwa a kan gwiwa, ya zauna a miƙe kamar wanda aka kira gaban hukuma. Da sashen sanyi ya fara, sai ya ji ƙafafunsa na son tashi, ya danne su. Ta taga yana hango farar rigar Genzo tana nisa a hankali. Waje shiru. Ya san kowane lungu na wannan farkon, ya bi shi har taku casa'in.

Daga nan ƙananan gogen uku suka janye, suka bar babban shi kaɗai. Sautin ya sauka ƙasa, ya tsaya, ya sake hawa kaɗan kamar mai tambayar abin da ya riga ya san amsarsa. Tomeji ya jingina kafaɗa da ginshiƙi. Katakon ya yi santsi a daidai wurin.

Bai fi taku goma sha biyu ya ji ba, sai aka ji tsulum daga waje.

Shiru ya ɗan biyo baya. Sannan kwaɗo ɗaya ya gwada murya daga gindin taga, wani ya amsa masa, kafin a ce kwabo fangali uku sun ɗauka. Hannun Sensei na ta jan baka, amma abin da ke fitowa ya nutse. Kawuna suka fara juyawa wajen taga. Farar rigar ba ta kan tudu.

Tomeji ya zauna kamar numfashi uku. Sannan ya tashi, ya sunkuya yana ratsa mutane yana ba da haƙuri da hannu, ya fita da safa, bai tsaya neman takalmi ba.

A kwanar fangali na biyu ya same shi, zaune cikin ruwa har ƙugu, ya riƙe gwiwa da hannu biyu.

“Ka karye?” in ji Tomeji cikin raɗa.

“Ban karye ba. Koma ciki, sakarai! Wa ya kira ka?”

“Ba ni gorar.”

“Tome, ka koma. Ko da kwaɗin ai za ka ji wani abu.”

“Mutum ɗari ne a ciki.”

Ya zare gorar daga laka, ya ci gaba daga inda abokinsa ya tsaya, da baƙar kwat da safa. Kwaɗi suka gane takun, suka yi shiru fangali bayan fangali. Ya kai ƙarshe ya juyo. Da kiɗan ya sake tarbarsa, a wurin da ya saba tarbarsa ne. Sai da aka fara tafi sannan ya koma ya ciro Genzo, suka zauna a kan tudu su biyu, laka na ɗiga daga jikinsu.

Bayan baƙi sun watse Sensei ta fito har bakin fangali, abin da ba ta taɓa yi ba, tana ɗage siket ɗinta da hannu ɗaya. Ta rusuna ta daɗe ba ta ɗago ba.

“Ushiyama-san,” ta kira shi da girmamawa, “nawa ka ji?”

“Na ji kaɗan, Sensei. Yana da kyau.”

“Zan dawo baɗi. Ko ni kaɗai ce, zan dawo in kaɗa maka shi.”

“Kada ki wahalar da kanki.”

“Na faɗa.”

Da ta juya, Genzo ya matse ruwan hannun rigarsa.

“Ka san dai ladabi ne irin na mutanen birni. Ka ga hannunta?”

“Na gani.”

“To?”

“To ita ta faɗa.”

Aka yi girbi. Ruwa ya janye daga fangali, kwaɗi suka shige ƙasa. A watan Oktoba mutane suka fara ganin Tomeji yana saukowa daga dutse da katakon al'ul a kafaɗa, ɗaya ɗaya, don ba ya iya ɗaukar biyu. Ya fara daga gindin taga: ya daddale tudun, ya kafa turaku, ya shimfiɗa katako mai faɗin da zai ɗauki mutum da sandarsa, ya ɗaure gora a gefe don a samu abin dafawa. Ƙarƙashin kowane katako yakan sa tsohon buhu, kada ya yi ƙara in an taka.

Genzo kan dogaro sanda ya zo kallo.

“Wannan gadar ta wa ce? Basarake zai wuce?”

“Ta wani gurgu ce.”

“Gurgun ya ce maka zai sake hawa?”

“Bai ce ba. Miƙo mini guduma.”

Genzo ya miƙa. Wata rana ma har ya hau ya gwada, ya je ya dawo, ya ce abin dafawar ya yi ƙasa, a ɗaga shi kamu ɗaya. Tomeji ya kwance duka ya ɗaga.

Daga Tokyo kati ɗaya ya zo a farkon sanyi, gaisuwa ce da godiya, kuma rubutun ba na Sensei ba ne, wata ɗalibarta ce ta rubuta a madadinta. Tomeji ya karanta, ya sa a aljihu, ya koma yankan katako. Ya fara tari a wajen wannan lokaci, amma bai ga dalilin zama a ɗaki ba tunda ƙanƙara ba ta sauko ba tukuna.

Ta sauko a makon farko na Disamba, da wuri fiye da yadda aka saba. Kwana biyu ba a ga hayaƙi a gidansa ba, Genzo ya je ya tura ƙofa, ya tarar Tomeji ya rasu. Shekarunsa tamanin da ɗaya.

Da ƙanƙara ta narke, aikin ya fito fili. Katakon ya tashi daga gindin taga, ya bi fangali na farko, ya sha kwanar na biyu lafiya lau, ya tsaya ’yan taku kaɗan a gabanta. Daga nan turaku ne kawai a kafe, biyu biyu, har ƙarshen fangali na uku. Ragowar katakon na jingine a ƙarƙashin indararon gidansa, an yanke su daidai awo, kowanne da lambarsa da alli, ƙusoshi na cikin gwangwanin shayi a gefe.