Ranar da Aka Zo Kama Matattun Gamkalle

Mijina bai taɓa yanka kaza ba. Tun da aka kawo ni gidansa a Bukoki, in za a yi yanka sai an kira maƙwabci, shi kuwa ya shige ɗaki ya ce akwai abin da zai duba. In likita ya ɗauko allura, sai ya juya fuska bango yana kiran sunan Allah da ƙarfi, har masu jira a waje su ɗauka wani ne ya cika.

Amma da ya bar aikin gwamnati ya zauna gida, sai ya wayi gari masanin tsaro. Ya kafa benci a gindin itacen bedi na ƙofar gida, ya tara tsofaffi irinsa, suka buɗe fada: butar shayi, rediyo, da gardama. A shekarun nan da labarin 'yan ta'adda ya cika Yamai, duk sanda rediyo ta ce an kama wasu, daga madafa nake jiyo muryarsa.

"Ku ba ni guda cikinsu! Ni da shi da garin barkono. Kafin shayin nan ya tafasa sai ya faɗi inda kakansa ya binne bindiga. Mutanen nan ba su jin lallashi, sai an matsa."

'Yarmu ta fari tana karatun shari'a a jami'a, ita kaɗai ke iya tanka masa. Takan ce, "Baba, doka ta hana. Ko wanda ya yi kisa ba a azabtar da shi. Kuma wanda ake duka, abin da mai dukan ke son ji shi yake faɗa."

"Doka ta cikin littafi ce," in ji shi. "Mai gaskiya me zai ji tsoro? Ni yau a zo a ɗauke ni a tambaye ni, ko gezau."

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, mai lambu a Gamkalle bakin kogi. Magidanci ne, gemunsa har ya fara furfura. Yana noman salati da shu, wato kabeji, da tumatir, yana ba su ruwa da wani tsohon motopom da ba ya tashi sai an fizgi igiyarsa da ƙarfin tsiya. Duk Juma'a yakan kawo mana ganye, ya tsaya a fada ya ja mijin yayarsa da wasa, kamar yadda aka saba. Janar yake ce masa.

"Janar, yau mutum nawa ka kama?"

"Kai ne na farko, in ka sake kawo mana shu mai tsutsa."

Wata ranar bazara ƙanena ya ji an ce akwai takin zamani mai sauƙi a wajen Tondibiya. Ya hau moto ya tafi, ya ɗauro buhun taki a baya, ya rataya bidon esansi, wato jarkokin man motopom, hagu da dama, ya naɗe kansa da rawani saboda rana. Katin ɗan ƙasa kuwa yana aljihun rigar da matarsa ta jiƙa a bahon wanki. Haka ya iso shingen masu kaki. Taki, wanda aka ce da shi ake haɗa bam. Mai, wanda aka ce shi ake kai wa mutanen daji. Moto, gemu, rawani, ba takarda. Duk abin da aka ce su nema, sai ga shi ya zo musu a kan taya biyu yana sallama.

Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ni da matarsa muka yi ta yawo ofisoshin hukuma, biro zuwa biro, wannan ya ce ba nan ba, wancan ya ce a dawo gobe. Lambu ya fara bushewa, don ba mai iya tayar da motopom ɗin. Ni dai abu guda nake roƙo, in ga ƙanena ya shigo da ƙafarsa.

Mijina ya damu, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma bakinsa bai san damuwa ba.

"Ki kwantar da hankalinki," ya ce mini. "Tambayoyi ne kawai. Ko an ɗan matsa shi, gaskiya ce za ta fito, su sake shi."

Ludayi na hannuna a lokacin. Allah ne kaɗai ya riƙe hannun nan. Na dai daina saka masa gishiri a miya, shi ma bai yi gigin tambaya ba.

Sai wata safiya matar ƙanena ta kira ni tana haki, ta ce in zo Gamkalle maza, masu kaki sun cika unguwa suna neman mutane. Na yafa mayafi na tari taksi. Na tarar da mota a tsaye, wani matashin jami'i yana tambayar gidan wani mai fito da jirgin ruwa. Aka nuna masa. Tsohuwar gidan ta fito tana dogara sanda, ta saurare shi da kyau.

"Shi kuke nema? To ɗana, ni ma shi nake nema. Tun kafin a haife ka muka kai shi makwanci. In kun same shi ku ce masa rufin ɗaki na yoyo."

Suka wuce gida na gaba, suna neman wani mahauci. Ya rasu tun ina budurwa. Suka tambayi wani mai gyaran keke, 'ya'yansa suka ce ai bara aka yi sadakar cikarsa shekara da rasuwa. Yara suka fara bin motar, wani dattijo ya ce in suna so ya raka su maƙabarta su gama aikin wuri guda. Daga ƙarshe jami'in ya share gumi ya kira sunan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ce an shaida musu shi ke raba makamai.

Na yi dariya har na durƙusa. Mahaifinmu, wanda ko yana raye wuƙar yankan farce sai ya aro. Ina cikin dariyar sai kuka ya ƙwace mini, don a nan na gane abin da ke faruwa. Ƙanena yana da rai. Ana dukansa ana cewa ya faɗi abokan aikinsa, shi kuwa ba shi da kowa sai tumatir, sai ya shiga miƙa musu mutanen da ba wanda zai iya taɓawa. Na ji daɗi, na ji tsoro, duk a lokaci guda. Matattun da ya sani ba su da yawa, kuma za su ƙare.

Na dawo gida na ba mijina labari. A karon farko bai yi cika baki ba, sai ya tambayi ko akwai sauran fura.

Ba a jima ba matattu suka ƙare. Da rana tsaka, fada ta cika, mijina na tsakiyar bayanin yadda ake rataye mutum da ƙafa, sai mota ta tsaya a gindin bedi. Jami'in nan ya sauko ya tambayi wanda ake ce wa Janar. Tsofaffin nan, abokan shan shayi na shekara da shekaru, duk suka nuna shi da yatsa lokaci guda. Kafin in fito daga madafa benci ya zama wayam, wani har ya bar carbinsa. Aka tafi da mijina da takalmi ƙafa ɗaya.

Abin da ya faru a can, ƙanena ne ya ba ni labari daga baya, don yana zaune a ƙasa a lungun ɗakin da aka shigar da mijina. Ya ce an ba Janar kujera. Ba wanda ya taɓa shi. Wani ma ya tambaye shi ko yana son ruwa. Sai dai ya waiga ya ga ƙanena, ya ga ƙafafunsa, ya ga hannunsa. A ɗaki na kusa kuma wani na gyaran ƙofa, yana buga guduma.

Da bugu na farko mijina ya miƙe tsaye ya ce doka ta hana, 'yarsa na jami'a, ko wanda ya yi kisa ba a azabtar da shi. Da bugu na biyu ya ce shi mai ciwon sukari ne. Da na uku ya zauna ya ce to shi ne, shi ne shugaban, a tambaye shi duk abin da ake so. Ba a kai ga tambayar ba ya fara zubo mutane: 'yan fada kaf ɗinsu, mai gasa nama na bakin titi, ladanin masallacinmu, mai kawo mana ruwa a kura. Aka ce ina makaman? Ya ce suna ƙarƙashin gado, kuma matarsa ce ke riƙe da makulli.

Haka aka dawo da shi gida da la'asar a zo a kwashi makamai. Ina tsaye na riƙe ƙugu suka ɗaga gadon aurena. Suka fito da tsofaffin kwanonin da uwata ta saya mini, da fitilar da ta mutu, da wata kwalbar maganin basir da ya rantse mini ya daina sha. Babbansu, wani mai furfura da ya biyo su da kansa, ya ɗaga kwalbar ya duba, ya dubi mijina da ke tsaye da takalmi ɗaya, ya dube ni.

"Hajiya, ke ce mai makulli?"

"Ranka ya daɗe, makullin buhun shinkafa ne. In shi ma laifi ne ga shi."

Bai yi dariya ba. Na ga dai ya gaji. An kawo masa ƙungiyar da mayaƙanta suna kabari, shugabanta kuma na tsoron guduma. Na ce masa in yana son ganin inda takin nan da man nan za su, ba nisa, ya zo in kai shi. Muka tafi Gamkalle. Ya tsaya a kan fangalin salati da ya ƙone ya zama kamar ganyen taba, ya dubi motopom, ya buɗe tankinsa ya ga ba ko ɗigo. Sannan ya ce wa yaransa a je a kawo mai lambun.

Ƙanena ya shigo gidana da ƙafarsa, kamar yadda na roƙa, amma da gefen ƙafa yake takawa, a hankali, yana dafa bango. Yatsun hannunsa na dama sun kumbura, biyu daga ciki har yau ba su lanƙwasuwa. Na dafa masa ruwan zafi ina kuka ina zagin duk wanda ya zo bakina. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri, ba a kuma mayar masa da buhun takin ba.

Da ya ɗan samu kansa, mijina ya zo ya zauna kusa da shi a tabarma. Fushi yake so ya yi, muryar ta ƙi.

"Duk mutanen Yamai, ka rasa wanda za ka ba su sai ni?"

"Janar, matattuna sun ƙare," in ji ƙanena. "Na ba su har baba. Suka dawo suka ce in na sake ba su gawa, hannun hagu za su koma. Na duba masu rai duka, kowa ina jin tausayinshi. Sai na tuna kai kaɗai ne ka ce a zo a ɗauke ka, ko gezau."

Mijina ya sunkuyar da kai.

"Kai fa, wa ka ba su?" Ƙanena ne ya tambaya, alhali ya sani sarai, yana wurin. So yake ya ji daga bakinsa.

"Ni ya ba su," na ce. "Ni da ladan."

Ƙanena ya fashe da dariya har haƙarƙarinsa ya kama, ya riƙe ciki yana cewa in bari, zai mutu. 'Yarmu na bakin ƙofa, ta buɗe baki za ta yi magana, na harare ta ta rufe. Ba ranar shari'a ba ce.

Fada ta dawo, don tsofaffi ba su da wurin zuwa. Sun yafe masa, ya yafe musu, tunda ba wanda ke da bakin magana. Har yanzu rediyo na cewa an kama wasu, har yanzu akan sami mai cewa a matsa su su faɗi gaskiya. Mijina sai ya ɗaga murfin buta ya ce shayin nan ya yi sanyi, a ƙara gawayi.

Ba ya ma zama da safe yanzu. In ya idar da sallar asuba sai ya tari taksi zuwa Gamkalle. Ƙanena ya sake shuka salati, yana iya cira ciyawa da hagu, yana iya jan tiyo. Igiyar motopom ce ta gagare shi, don hannun dama take so, da yatsu biyar. Mijina ne ke fizga masa. Na taɓa bin su na gani: tsoho mai tumbi ya naɗe jallabiya, ya taka injin da ƙafa, yana ja yana haki, injin na tari yana mutuwa. Ƙanena na tsaye a gefe, hannun a cikin aljihu.

"A hankali, Janar," yake ce masa. "Kada ka matsa mishi. In ka matsa, igiyar ce za ta tsinke."