Gawon da ke Bayan Ɗakin Safara'u

Safara'u mutuniyar Batagarawa ce. An kawo ta birni, unguwar Ƙofar Sauri, a shekarar 1979, lokacin da soja suka miƙa mulki ga farar hula, gidan Malam Sada, akawu a ofishin gwamnati. Kafin a kawo ta ya sa an cire rufin azara na ɗakin amarya an buga kwano, don a san zamani ya shigo gidan. Kwanon yana da kyau a ido. Amma da bazara ta kama, ɗakin ya koma tanda. Bangon yamma ya sha ranar la'asar ya ƙoshi, sai ya riƙa amayo zafin har bayan isha'i. Fanka ta wuni tana kaɗa iska mai zafi, ƙarshen wata a kawo takardar wuta, Malam ya yi ta tsaki.

Da Safara'u ta je ganin gida, sai ta dawo da kashin awaki ƙunshe a tsumma. 'Ya'yan gawo ne a ciki, domin sun fi saurin tsirowa in sun bi ta cikin akuya. Ta binne su a bayan bangon yamma, ta ɗauko dutsen da Malam ke zama a kai yana alwala ta ajiye a wurin. Ba ta ce masa komai ba. Shi dai ya ga dutsensa ya ƙaura, ya bi shi. Da ruwan alwalarsa tsiron ya rayu.

Surukarta Lailatu ta tsaya a kan tsiron tana riƙe da ƙugu.

"Ke 'yar ƙauye, gona za ki mai da mana gida? Gawo fa ƙaya gare shi."

"Zan riƙa sharewa, Inna."

"Gobe kuma sai mu ga gero a zaure."

Ta kuwa yi ta sharewa. Gawo itace ne mai nasa ra'ayi. Idan damina ta sauka, duniya ta yi kore, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara. Idan ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, sannan yake yin sutura. Manomi na son sa don ba ya tare wa shuka rana. Safara'u kuwa ta so shi don a watannin da rana ke dukan kwano, a lokacin ne inuwarsa ta fi kauri. Da makwabta suka fara malala siminti a tsakar gida, ita ta bar nata rairayi, tana yayyafa masa ruwa da yamma. Ta kafa rumfar zana a bakin ƙofa, ta girke randa a ƙarƙashi. Shekaru suna tafiya, rassa suka haye rufi, fanka ta fara samun hutu, tsakin ƙarshen wata ya ragu.

Abu ɗaya ne ba ta yi tunani ba. A gona babu bango. Ta shuka gawon dab da gini, yadda ake shuka a bakin kunya.

Farar hula suka sake dawowa a 1999. Lailatu ta daɗe da rasuwa. Malam Sada ya yi ritaya, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta yi masa nauyi. Aka mai da kwanciyarsa ɗakin Safara'u, domin nan ne kaɗai yake iya barcin rana. A daminar shekarar ne tsaga ta bayyana a bangon yamma, daga tushe har kusa da taga. Saiwa ce ta shiga ƙarƙashin gini.

Babban ɗansu Nasiru, wanda ya samu aiki wajen wani ɗan kwangilar haƙa rijiyoyin burtsatse, ya zo da na'urar sanyaya ɗaki a kwali, ya zo da Sammani magini.

"Inna, a sare shi," in ji Nasiru. "Ga abin da zai ba Baba sanyi."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Zan sayo janareto."

"Shi kuma mi yake sha? Ruwan alwala?"

Sammani ya yi dariya, Nasiru bai yi ba. Ya zura yatsu cikin tsagar har suka nutse.

"Inna, dubi nan. Ruwa ɗaya mai ƙarfi, bangon nan a kan Baba zai kwanta."

Ta duba. Gaskiya ya faɗa, ta kuma san hannunta ne ya binne irin a wurin. Ta ɗaga kai ta kalli gawon, yana tsaye babu ganye ko ɗaya, ba shi da abin da zai nuna ya kare kansa.

Sammani ya kakkaɓe hannu ya ce, "Abin dai biyu ne, Inna. Ko itace ya matsa, ko bango ya matsa. Ni kuwa tun ina yaron magini ban ga itacen da ya matsa ba."

Da wasa ya faɗa. Ita kuwa ta ce, "Bango yana matsawa?"

"Yana yi, in an rushe an ja shi ciki. Amma ɗaki zai tsuke. Gado zai zauna, wancan dai ba zai zauna ba."

Ya nuna kabad ɗin da ke jingine da bangon. Jerenta ne na aure: kwalla da samira da tasoshi, waɗanda mahaifiyarta ta tara da kuɗin ƙuli-ƙuli. Ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Duk jajibirin salla takan sauke su ta goge ta mayar.

Ta shiga ta zauna a bakin gadon Malam. "Ka ji abin da suke cewa?" Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna taga, wajen da dutsen alwalarsa yake a gindin gawon.

Washegari ta sauke jeren. Ta raba wa 'ya'yanta mata, ta ba makwabta na zuba tuwo, kabad ya tafi wajen dillaliya. Nasiru ya mai da na'urar inda ya sayo, ya dawo da bulo da siminti. Bai ce ya yarda ba, ya dai tsaya a kan aikin har aka gama.

Ɗakin ya tsuke ƙwarai. In Safara'u ta shimfiɗa tabarmar salla, sai gefenta ya taɓa ƙafar gado. Samira ɗaya ta bari, a ciki take dama wa Malam kunu.

Bazara ta zo da ƙarfinta, gawo ya yi sutura. Wata rana bayan azahar Nasiru ya leƙo gaisuwa, ya tarar an ɗauke wuta tun hantsi, babu wanda ya lura. Malam yana barci, inuwar ganye tana motsi a kan labule. Safara'u ta yi masa alama ya yi shiru, ta miƙa masa kwanon da ta tari ruwan alwalar mahaifinsa a ciki.

"Je ka zuba a gindinsa," in ji ta. "Ka kula da ƙaya, ban yi shara ba tukuna."