Takwaran Manu

Datti ɗan garuwa ne a Ogui, nan Inugu. Ni Lawal mahauci, katanga ɗaya ta raba ni da shi har ya koma ga Allah. Duk wanda ya gan shi ba haƙoran gaba, ido ɗaya a tsiyaye, sai ya ɗauka yaƙi ne ya yi masa haka. Ina! Ƙwaro ne ya ja masa.

Da gari ya rikice gab da yaƙin basasa, shi da ƙanensa Manu suka gudu ta bayan tsaunuka. A wani rafi mai duwatsu aka cim musu. Datti ya nutse a bayan dutse, hanci kaɗai a waje, yana jin saukar adda a jikin ƙanensa, har ruwan da ke shiga bakinsa ya koma ja. Manu bai bar ɗa ba, ko kabari bai samu ba. Datti kuma Allah bai ba shi haihuwa ba, balle ya yi masa takwara. Abin nan ya ci shi ƙwarai.

Da muka dawo bayan yaƙi, arzikin fetur ya ɓarke, kowa na bin kwangila, gogan naka kuwa rafin nan yake komawa yana ɗaga duwatsu, ko zai tsinci ƙashi ɗaya ya binne. A can ya haɗu da Dokta Nwosu, wani malamin jami'a Ibo da bam ya cire wa hannu. Shi ma duwatsu yake son ɗagawa, amma ƙwari yake nema, ga shi hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Datti ya zama hannunsa.

Akwai wani ɗan ƙwaro mai jela biyu da ke manne ƙarƙashin dutse a ruwa mai gudu. Dokta ya ce ƙudan dutse ne, yana kuma zaton ba a taɓa sanin irin wannan ba. Amma ƙananan da ke cikin ruwa ba su isa shaida ba, sai an kamo namiji mai fukafuki, a duba gindinsa da madubin ƙara girma, a gwada shi da danginsa. Ka ji aikin banza!

Ranar da Datti ya kamo shi, Dokta ba ya nan. Matan wani ƙauye da ke bakin rafin suka hango Bahaushe tsugune a ruwan shansu da kwalba a hannu, suka kwarma ihu wai guba yake zubawa. Samari suka fito da gora da duwatsu. Suka zubar masa da haƙora, suka karya haƙarƙari, wani ya fasa masa ido da dutse. Shi kuwa ya cusa kwalbar a hammata ya dunƙule kamar bushiya, bai ko kare kansa ba. Wani direban tifa ne ya kwaso mana shi jina-jina.

Wallahi idona ya rufe. Na zari wuƙata, na tara mahauta, na rantse sai rafin nan ya sake yin ja. Datti ya riƙe gefen rigata, jini na dalala daga bakinsa.

"Lawal, ajiye. Dokta ya ce ƙwaron ba ya zama a ruwan da ya ɓaci."

Na zage shi tas, amma na ajiye.

Bayan damina Dokta ya zo har zaurenmu, ya ce ta tabbata sabon iri ne. Wanda ya gano shi ke raɗa masa suna, sunan kuma ba ya gogewa har duniya ta naɗe. Ya ce sunan Datti zai sa.

"A'a, Dokta," in ji Datti. "Sa masa Manu."

Na miƙe tsaye. "Kai, ka haukace ne? Sunan ɗan Musulmi za ka ba ƙuda?"

Ya ɗago idon nan ɗaya ya dube ni. "Na ɗaga kowane dutse a rafin nan, Lawal. Shi kaɗai na tarar a inda ƙanena ya kwanta."

Ranar Juma'a sai ga Datti ya jawo rago har ƙofata, wai ragon suna. Liman ya ce shi dai babu ruwansa da wannan suna, amma zai yi wa mamaci addu'a. Ni na kayar da ragon na yanka. Tun da nake fawa ban taɓa yanka wa ƙwaro ragon suna ba sai ran nan.