Haƙoran Hajiya Kulu ta Sabuwa

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana Hajiya Kulu daga Sabuwa ba, kuma duk na tuna sai raina ya ɓaci sabo. Zamanin da kuɗin fetur ya ɓarke ne, kowa ya zama ɗan kwangila. Ni ce atanda a ɗakin haƙori na asibitinmu a Ƙanƙara. Ku yaran yanzu ba ku san atanda ba. Ni ke dafa ƙarafan aikin haƙori, ni ke riƙe kan majinyaci. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa komo da ƙarfen da na dafa ba.

Hajiya ta rasa haƙoran gaba na sama. Ɗanta Alhaji Sale ya kawo ta a sabuwar mota, yana kaɗa makulli.

Likita, wani matashi mai haƙuri da ke zuwa mana rangadi, ya yi bayani. Gyara iri biyu ne. Akwai haƙorin roba, a gwada bakinki a yi miki, ki cire ki wanke da kanki. Akwai na kafewa, sai an kankare lafiyayyun haƙoran gefe a ɗora musu ƙarfe, a Kaduna ake yi, kuma dole a riƙa komowa ana dubawa.

Ya ce, "Hajiya, wanne kike so?"

Ta ja mayafi ta juya ta fuskanci bango.

Alhaji ya cafe. "Na kafewa, na zinari. Tsohuwata ba za ta sa abin da ake tuɓewa kamar takalmi ba."

Na matsa na ce wa likita, ɗan farinta ne. Matar da ba ta faɗin sunanshi, ita za ta buɗe baki ta yi zancen bakinta a gabanshi? Likita ya ce Alhaji ya ɗan ba mu wuri.

Yana fita sai ga magana daga bakin Hajiya kamar an kwance buhu. "'Yar nan, ni na roban nike so. In damina ta sauka hanyarmu ko jaki tunani yake. Wa zai riƙa kawo ni? Kuma waɗannan na gefen da su nike tauna gorona, mi suka yi za a kankare su?"

Aka kira Alhaji aka gaya mishi. Ya yi dariya. "Tausayin aljihuna take, haka take tun ina yaro. In da gaske ne ta faɗa mana."

Ta faɗa? Ta sake juyawa ta fuskanci bango. Na ce, "Alhaji, don Allah, bakinta ne fa." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, ke riƙe tasa aka ɗauke ki." Likita ya ƙi rubuta musu takardar Kaduna. Alhaji ya ce mota ba ta tambayar takarda, ya kwashi uwarshi suka tafi Kaduna, aka kafa mata na zinarin.

Tsakiyar damina sai ga ta a amalanken shanu har bakin titin Faskari, daga nan aka samu babbar mota. Kunci ya kumbura har ido ya rufe, ga zazzaɓi. Dasashi ya ruɓe ƙarƙashin ƙarfen, ta daɗe tana dannawa da toka da gishiri don gulbi ya cika ya tare hanya. Alhaji yana Ikko wajen kwangila. Likita ya ɓalle zinarin, lafiyayyun nan na gefe suka bi shi. Ni na riƙe kanta, hawayenta kawai ke bin hannuna.

Da ta warke aka yi mata na roban, mai faɗi yanzu, tunda giɓin ya ƙaru. Na naɗe zinarin a auduga na miƙa mata. Ta ce, "Ba wa yaron nan in ya zo. Nashi ne."

To ku da kuke dasa haƙori da ƙusa a ƙashi yanzu, na ji ana gardamar na wace ƙasa ya fi. Ku yi ta yi. Amma kafin ku zaɓa, ku tambayi hanyar garin mai bakin, ku kuma duba wa ke tsaye a kanshi. Mutanenmu za su yarda a cire musu haƙori lafiyayye kafin su kunyata nasu.